Murjanin da Ake Nuna wa Yara: Sharhi a kan Fim Ɗaya da Littafi Ɗaya

1. Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan ayyuka biyu da ake yawan sa wa yara a gaba idan ana son koya masu abin da ya shafi tsaunukan murjani na cikin teku da yadda za a kiyaye su. Na farko fim ne na zane, na kamfanin Pixar, wanda Andrew Stanton ya shirya, ya fito a 2003. Masu Faransanci sun san shi da sunan Le Monde de Nemo. Na biyu ƙaramin littafin hotuna ne na Ingilishi, The Brilliant Deep, wanda Kate Messner ta rubuta, Matthew Forsythe ya yi wa zane, aka buga shi a Amurka a 2018. Ra'ayinmu shi ne, ayyukan nan biyu sun iya sa yaro ya ƙaunaci wurin, amma kowanensu ya sallame shi ba tare da ya riƙe abu guda da sai da shi ake gane dalilin mutuwar murjani ba, wato cewa murjani dabba ne mai ajiye tsiro a cikin jikinsa, kuma zafin ruwa ne ke raba su.

Wani zai ce, me ya haɗa ƙasar da ba ta da teku da wannan magana? Dalilin na aiki ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ko ba daɗe ko ba jima, darasin teku da ke cikin littattafan kimiyya da na labarin ƙasa zai shigo Hausa, kuma daga sassa irin namu ne masu fassarar za su fito. Wanda zai fassara abu, gara ya san inda abin ya gurgunce tun a harshensa na asali, don kada ya ɗauko gurgu ya sa masa sabuwar riga kawai.

2. Kalmar kanta

Kafin mu shiga fim da littafi, dole mu tsaya a kan kalmar murjani. Daga Larabci muka aro ta, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya gamu da ita sau biyu a Suratur Rahman, sau ɗaya tare da lu'ulu'u, sau ɗaya tare da yaƙutu. A kunnen Bahaushe, murjani jan dutsen ado ne, na wuyan amarya, wanda ake ɓoyewa a ƙasan adaka. Asalin wannan dutse wata halitta ce ta Bahar Rum da masana ke kira Corallium rubrum, mai tsirowa a hankali cikin koguna da wurare masu duhu na ƙarƙashin ruwa, wadda fataken Arewa suka riƙa ƙetarowa da ita hamada. To, wannan jan murjani ba ya gina tsauni, ba ya kuma ajiye tsiro a jikinsa. Don haka idan malami ya ce wa yaran Maraɗi "tsaunin murjani", abin da zai zo masu a rai shi ne tarin tsakiya ja. Idan ya ce "kiyaye murjani", sai su ji kamar maganar ajiyar kayan ado ce.

Wannan ruɗani ba namu ne mu kaɗai ba. A 1706 Marsigli ya ba da sanarwar cewa ya ga furannin murjani, ya kafa hujja da su cewa tsiro ne. Sai a cikin shekarun 1720 wani likita ɗan Marseyi, Jean-André Peyssonnel, ya nuna cewa furannin nan ƙananan dabbobi ne, kuma da Réaumur ya gabatar da maganar a majalisar masana kimiyya ta Faris, ɓoye sunan mai ita ya yi don kada a yi masa dariya.

Abin da aka tabbatar daga baya ga shi a taƙaice. Mai ginin tsauni wata ƴar mitsitsiyar dabba ce, mai baki guda da ƴan yatsu kewaye da shi, wadda ke fitar da farar ƙasa daga jikinta ta yi wa kanta ƙoƙon zama. Dubbai suke zama manne da juna, na baya su yi gini a kan ƙasusuwan na gaba, har a sami tsauni. A cikin naman dabbar akwai wani nau'in gansakuka mai ƙwayar halitta guda, da ido ba ya gani. Gansakukar na sarrafa hasken rana ta ba mai gida abinci, wanda kan kai kashi 90 cikin ɗari na bukatarsa, ita kuma ta sami mafaka. Ita ce kuma ke ba murjani yawancin launinsa. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Amma idan zafin ruwa ya haura wanda aka saba a watan da ya fi zafi da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, sai mai gida ya kori baƙuwarsa. Naman ya zama garai-garai, farin ƙashi ya bayyana. A lokacin dabbar ba ta mutu ba tukuna, yunwa ce take ji. Idan ruwa ya huce da wuri gansakuka na iya dawowa, idan bai huce ba shi ke nan. Muna ba da shawarar a kira wannan hali koɗewa, kamar yadda zane ke koɗewa, a kuma bambanta murjanin ado da murjanin gini. Da waɗannan kalmomi za mu ci gaba.

3. Fim ɗin Nemo

Labarin sananne ne. Wani ɗan kifi mai ruwan lemo da farin zane yana zaune da ubansa a Babban Shingen Murjani na Ostiraliya. Wani likitan haƙori mai sha'awar nutso ya kama shi ya kai shi Sidni ya sa a akwatin gilashi, uban kuma ya bi sawu har ya same shi. Ba za a yi musun gwanintar aikin ba. Hasken da ke ratsa ruwa, da yadda kowane kifi ke motsi irin na jinsinsa, sun isa su riƙe yaro da babba, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oskar ta fim ɗin zane a 2004.

Amma mu lura da matsayin murjanin gini a cikinsa. Bango ne. Shi ne labulen da ƴan wasa ke wucewa ta gabansa, mai launi iri-iri, ba ya ci, ba ya jin yunwa, ba abin da ke samunsa daga farko har ƙarshe. Kifi na magana, kunkuru na magana, tsuntsu na magana, har jatan lande yana da suna da hali, amma halittar da ta gina garin baki ɗaya ba ta da ko murya. Abin dariya, ko abin tausayi, shi ne murjani ɗaya tak ya mutu a fim ɗin, kuma ba murjani ba ne: uwar Nemo ce, wadda aka sa wa suna Corail a fassarar Faransanci, wadda kifin barakuda ya cinye tun a mintocin farko.

Akwai makaranta a cikin fim ɗin, kuma ta cancanci malamai su dube ta da kyau. Malamin wani faffaɗan kifi ne da ke ɗaukar ɗalibai a bayansa yana rera masu sunayen sassan teku da na halittu, suna tafe. Darasin jera sunaye ne, irin haddar da muka sani a lakol, inda yaro zai iya kawo sunaye goma ba tare da ya san abin da ya haɗa biyu daga cikinsu ba. Ko dangantakar Nemo da anemon ɗin da yake kwana a ciki, wadda ita ma cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ce, an taƙaita ta ga maganar gida mai tsaro. (Masana sun sha nuna wani wurin da fim ɗin ya kauce: a irin wannan kifi, idan macen ta mutu, namijin ne ke rikiɗa ya zama mace. Ba mu ga laifin Pixar da ta tsallake wannan ba, kuma ba shi ne damuwarmu ba.)

Damuwarmu ita ce siffar da aka ba haɗari. A fim ɗin, abin da ke barazana ga teku mutum ne guda mai raga a hannu, da jirgin masunta, da yarinya mai girgiza leda. Haɗarin yana da fuska, yana da adireshi, ana iya kuɓuce masa. Saƙon da yaro zai ɗauka shi ne kada a raba kifi da gidansu, kuma saƙo ne mai kyau. Har an yi ta yaɗa cewa fim ɗin ya jawo akasin haka, wai yara sun sa iyaye sayen irin kifin da yawa, ko da yake binciken da Militz da Foale suka buga a 2017 bai sami hujja mai ƙarfi a kan hakan ba. Sai dai duk wannan muhawara a kan kifi take. Shi Babban Shingen, mai tsawon kilomita 2300, ya riga ya yi koɗewa mai faɗi a 1998 da 2002, wato kafin fim ɗin ya fito. Ya sake yi a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. A 2016 kaɗai, shekarar da Pixar ta fito da ci gaban labarin, Le Monde de Dory, kusan kashi 30 cikin ɗari na murjanin da ke ruwa marar zurfi a Shingen ya mutu. Ba raga ce ta kashe shi ba.

Za a iya cewa fim ɗin nishaɗi ne, ba littafin aji ba. Haka ne, kuma sukarmu ta fi komawa ga mai shigo da shi aji ba tare da ya cike giɓin ba.

4. Littafin Messner

Shi wannan littafi ya fi kusa da abin da muke nema, shi ya sa za mu fi tsananta masa. A nan murjani mai rai ne. Ana ganin daren da yake sakin ƙwayayensa cikin ruwa, ana ganin yadda ƙwaya ɗaya ke samun wurin maƙalewa ta fara gini, kuma zanen Forsythe, mai launuka kamar an jiƙa su, ya dace da abin ƙwarai. Labarin na gaskiya ne, na Ken Nedimyer, mutumin Fulorida da ya tashi yana kallon finafinan kwamanda Kusto a talabijin, ya zama mai nutso, ya ga murjanin da ya sani yana dusashewa. Wata rana murjani mai kama da ƙahon barewa ya tsiro da kansa a kan duwatsun da yake kiwo a cikin teku. Shi da ƴarsa suka riƙa yanko rassa suna mannawa a wasu duwatsun, suka ga suna girma. Daga nan aka sami gandun reno a ƙarƙashin ruwa, da ƙungiyar Coral Restoration Foundation da ya kafa a 2007.

Ginshiƙin littafin shi ne cewa abu ɗaya ya isa a fara da shi: ƙwaya ɗaya, mutum ɗaya. Da wannan ya buɗe, da shi ya rufe. Ta fuskar adabi tsari ne mai kyau, mai sauƙin riƙewa. Ta fuskar koyarwa kuwa, ya ɗora nauyin labarin a kan hannun jarumi, ya wuce da sauri ta kan abin da ya kawo cutar. Wannan al'ada ce tsohuwa a labaran teku, kuma Kusto ne babban limaminta. Ba laifi mu tuna cewa a fim ɗinsa Le Monde du silence, wanda ya yi tare da Louis Malle, ya kuma ci babbar kyautar bikin Kan a 1956, an nuna mutanen jirgin Calypso suna fasa nakiya a tsaunin murjani don su ƙirga kifin da ya taso. Jarumin ya canja hali daga baya, daga mai fasawa zuwa mai gyarawa, amma har yanzu shi ne a tsakiyar hoto, teku na bayansa.

Shekara 5 bayan fitowar littafin, tekun ya ba da nasa sharhin. A watan Yuli na 2023 zafi ya mamaye ruwan kudancin Fulorida. Ranar 24 ga watan, wani ma'auni a Manatee Bay ya nuna digiri 38,4. Wurin ba shi da zurfi, don haka ba shi ne ma'aunin tekun duka ba, amma ya nuna inda aka dosa. Ƙungiyar da Nedimyer ya kafa ta ba da sanarwar cewa a Sombrero Reef, inda ta shafe shekaru tana dashe, murjanin ya mutu ɗari bisa ɗari. Aka riƙa kwaso abin da ya rage daga gandayen reno ana kaiwa tankunan ruwa a tudu. A 2025 mujallar Science ta buga binciken da ya nuna cewa murjani mai ƙahon barewa da ɗan'uwansa mai faffaɗan ƙaho sun mutu da kashi 98 zuwa 100 cikin ɗari a tsibiran kudancin Fulorida, har ba su da sauran tasiri a ginin tsaunin.

Wannan bai mayar da aikin Nedimyer banza ba. Irin da aka tsirar a tankuna, albarkacin irin wannan aiki ne ya tsira. Amma malamin da zai karanta wa yara littafin yau ba tare da labarin 2023 ba, rabin labari ya ba su, kuma rabin da ya fi daɗi. Akwai kuma maganar girma. Dashe ana auna shi da eka, alhali yankin kiyaye Babban Shingen Ostiraliya ya kai murabba'in kilomita 344 000, wato ya haura rubu'in faɗin Nijar. Mu da muke dasa itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta mun san bambancin abin da aka dasa da abin da ya ga damina ta biyu.

5. Abin da ya kamata yaro ya fita da shi

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawowa don kare ayyukan biyu. David Sobel, a ɗan littafinsa Beyond Ecophobia na 1996, ya yi gargaɗin kada a ɗora wa ƙananan yara labarin bala'in muhalli kafin su kai wajen aji huɗu, domin tsoron abin da ba su da ikon gyarawa yakan sa su juya wa abin baya. A fara masu da halittun da ke kusa da su. Mun yarda da shi a kan shekaru. Yaron aji biyu ba ya bukatar jin rahoton GIEC na 2018, wanda ya ce idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1,5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na tsaunukan murjani, idan ta kai digiri 2 kuma fiye da kashi 99. Amma jinkirta labari daban, sauya shi da wani daban. Takardun aikin da ake raba wa yara tare da irin waɗannan ayyuka sukan ƙare da jerin nasihohi: kada ka taɓa murjani, kada ka jefa leda, ka kashe fitila in za ka fita. Ba wadda ba ta da amfani a cikinsu. Sai dai sun mayar da matsalar ta tarbiyyar yaro, alhali hukumar NOAA ta Amurka ta sanar a watan Afrilu na 2024 cewa duniya ta shiga koɗewa ta huɗu mai game tekuna, bayan ta 1998, ta 2010 da ta 2014 zuwa 2017, kuma zuwa Afrilu na 2025 zafin ya taɓa kashi 84 cikin ɗari na yankunan murjani. A gaɓar da Babban Shingen yake, tashoshin Gladstone, Hay Point da Abbot Point gawayin ƙasa suke lodi.

Idan aka fassara wannan jerin nasihohi zuwa Hausa yadda yake, abin zai zama wasa da hankali. Abin da mutum ɗaya ke fitarwa na iskar kabon a Nijar bai wuce wajen tan 0,1 a shekara ba, na ɗan Ostiraliya kuwa ya kusa tan 15. A ce wa yaron Tawa ya kashe fitila don murjani ya rayu, alhali wataƙila da fitilar hannu yake bitar darasin, ba koyarwa ba ce.

Shawarar Sobel ta farawa da na kusa ita ce ta fi yi mana amfani, kuma muna da abin farawa a bakin gona. Suri gini ne da ƙananan halittu ke yi tare, ya fi kowace ɗaya daga cikinsu girma nesa ba kusa ba, kuma manyan gara masu gina shi suna noma wani naman gwari a cikinsa wanda rayuwarsu ta dogara a kai. Yaron da ya leƙa fasasshen suri, ya kuma ɗebo gansakuka daga tabki ya ga yadda take a rana da yadda take a duhu, ya riƙe ginshiƙai biyu na darasin: mai gini ƙarami, da baƙon da ke ciyar da shi. Kwatancen yana da iyaka, dole malami ya faɗe ta, domin gara a ɗaki take nomanta, shi kuwa murjani a cikin naman jikinsa. Daga nan ne za a iya nuna wani yanki na fim ɗin Nemo a tambayi yara: wannan bangon mai launi, wa ya gina shi, me yake ci? A manyan azuzuwan firamare da kwaleji sai a kawo zafi da koɗewa, a karanta labarin Nedimyer har zuwa 2023. Ga waɗannan manyan, fim ɗin Chasing Coral na Jeff Orlowski, na 2017, ya fi duka biyun amfani, domin ya ɗauki hoton wuri ɗaya kwana bayan kwana a 2016 har launi ya tafi, ko da yake ba don yara aka yi shi ba, sai an zaɓi abin da za a nuna.

Misalin wuri ma ba sai an je Ostiraliya ba. A Bahar Maliya, kusa da Fot Sudan, akwai tsaunin Sanganeb da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, kuma tsofaffin gidajen Sawakin da na tsohuwar Jidda da dutsen murjanin gini aka yi su. Hanyar alhazan ƙasa ke nan, kuma har yau akwai Hausawa a Sudan da kakanninsu suka bi ta. Wannan ya ba mai rubuta darasi damar nuna murjanin gini a matsayin dutsen da aka yi bango da shi a garuruwan da yara suka taɓa jin sunansu.

Saura kalmar da za a kira ita ƴar dabbar. "Ƙwaron murjani" yana da sauƙi a baki, kuma ya dace da kwatancen gara, amma zai iya sa yaro ya zaci mai ƙafa shida ne, alhali danginta su ne anemon da sauran halittu masu taushin jiki da harbi. "Dabbar murjani" ta fi daidai, sai dai dabba a kunnen yaro akuya ce ko jaki. Mun fi karkata ga ta biyun, da sharaɗin a haɗa ta da zane mai nuna girmanta kusa da ƙwayar gero, a kuma gwada kalmomin biyu a azuzuwa kafin a sa ɗaya a littafi.